Littafin Daren Talata

Batulu, ga littafin, karɓi da hannu biyu.
Bangonsa kwalin shayi ne, ɗinkin kuwa nawa ne.
Tun da kin ce za ki iya, matso kusa da fitila.

Shirin Usta Jadalla kafinta,
daren Talata, bayan lisha.
Shekara tara ina bin sa
daga tsakar gidan nan na Mai Wurno,
ko ranar da kogi ya shigo mana har bakin murhu ban fasa ba.

Kada ki fara da kwanan wata,
kwanan wata kowa na da shi.
Fara da itacen.
Maɗaci ne, ko bagaruwa,
ko aduwa mai taurin kai da ke cinye haƙorin zarto?
Sannan abin da ya ƙera.
Sannan kuskurensa, in ya yi,
don yakan yi, ya shafe da tari,
ya ce a kawo masa jabana.

Gidan talabijin ba su da amana.
Sukan ɗauko tsoho su ce sabo ne.
Ke dai dubi babban yatsansa na hagu:
kafin kashi na ashirin da takwas lafiya lau yake,
daga nan har talatin da ɗaya yana naɗe da tsumma,
bayan haka tabo.
Dubi kuma yaronsa mai share garin katako.
In babu gashin baki, an yi miki maimai.

Inda kika ga fili, ki bar shi fili.
Na sha bakwai, wuta aka ɗauke
ana tsakar kafa ƙafa ta uku.
Na tambaya har kasuwar Sinnar,
wani ya ce tebur ne, wani ya rantse kujera ce.
Ban rubuta ba.
Abin da ido bai gani ba, alƙalami bai da hurumi a kai.

Jan rubutun nan na gefe ba nawa ba ne,
hannuna ne dai, amma bakin kakanki.
Ba ki riske shi yana sassaƙa ba.
Rabin unguwar nan a kan angarib ɗinsa aka haife su.
Da idonsa ya rufe,
sai ya riƙa zama yana bai wa akwatin baya,
kunne ɗaya a karkace.
Zarto na kuka ya ce, ɗanye ne, zai kantare.
Guduma ta sauka ya ce, wannan ƙusar ta lalaci ce.
Sau ɗaya tak, a na ɗari da huɗu,
Usta ya haɗa kusurwa ba ƙusa ba gam,
ya buga da tafin hannu, ta ce ƙwas.
Tsoho ya yi shiru har aka fara labarai,
sannan ya ce, rubuta: ya iya.

Duba, ga shi nan. Kalma biyu.
Daga na ɗari da sittin jan biro ya huta.

To, yau Talata.
Layukan nan sun fara yi mini rawa,
bara na rubuta na ɗari huɗu da shida a kan na da biyar
ban sani ba sai da kika faɗa.
Ɗauki shuɗin, ki zauna inda nake zama.
Jan yana cikin gwangwanin allura,
ki hura masa, ya daɗe bai yi magana ba.

Juya mini angarib ɗin ya fuskanci bango.
Ƙara murya kaɗan.
Kada ki gaya mini itacen,
bari in ji.